Gyaran Gida a Kalifoniya: Yadda Mai Gida Zai Kauce wa Biyan Kuɗin Aiki Sau Biyu

Mutum zai iya biyan ɗan kwangilarsa kuɗin aiki har dalar ƙarshe, rasit yana hannunsa, amma bayan wata guda takarda ta iso cewa mai aikin tayil ko kamfanin da ya kawo katako ya ɗora bashi a kan gidansa. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta yarda da haka, kuma haƙƙin yana rubuce a tsarin mulkin jihar. Duk wanda ya zuba guminsa ko kayansa a ginin mutum ba a biya shi ba, yana da damar zuwa ofishin rajistar kadarori na gunduma ya rataya bashinsa a wuyan gidan, ko da mai gidan bai taɓa ganin fuskarsa ba. Wannan za mu riƙa kira jinginar tilas. Da zarar ta hau gida, sayar da shi ko sake karɓar rance a kansa ya zama aiki, kuma mai bin bashin na iya roƙon kotu ta sa a yi gwanjon gidan a biya shi.

Don haka wanda zai gyara kicin, ko ya sake rufi, ko ya ƙara ɗaki, sanin ɗan kwangilar da ya sa wa hannu kaɗai bai ishe shi ba. Sai ya san duk wanda ɗan kwangilar zai yankar wa aiki, da duk wanda zai ba shi kaya bashi. Yawancin ƙa'idojin da ke tafe hanyoyi ne na sanin waɗannan mutane da tabbatar da cewa kuɗinka ya kai hannunsu.

Lasisi tukuna

Hukumar ba 'yan kwangila lasisi ta jihar, CSLB, wadda ke aiki tun 1929, tana da shafi a intanet inda za ka shigar da lambar lasisi ka ga komai kyauta. Doka ta tilasta a sa lambar a talla da takardar kwangila, saboda haka wanda ya tsaya kame-kame in ka tambaye shi, ka sallame shi.

Abu huɗu za ka duba. Lasisin yana aiki ko an dakatar da shi. Sunan da ke shafin shi ne ainihin sunan da ke takardar da aka miƙo maka, domin aron lambar wani tsohuwar dabara ce. Ajin lasisin ya dace da aikinka: B na gini ne gaba ɗaya, C-10 na lantarki, C-36 na famfo, C-39 na rufi, C-33 na fenti, C-54 na tayil. Sai lamuni da inshora. Tun 1 ga Janairun 2023 kowane mai lasisi yana da lamunin dala 25,000, wato garantin da ake biyan waɗanda ya cuta daga ciki, amma kada wannan ya kwantar maka da hankali sosai, don ba naka kai kaɗai ba ne: duk waɗanda suka kai ƙorafi a kansa ne za su raba. Inshorar raunin ma'aikata dole ce ga duk mai ma'aikata, mai aikin rufi kuwa dole ce a kansa ko shi kaɗai yake aiki. In shafin ya nuna mutum ya ce ba shi da ma'aikata, amma ya iso gidanka da yara biyar, akwai matsala, kuma in ɗaya ya faɗo daga tsani tana iya zama taka.

Daga 1 ga Janairun 2025, marar lasisi na iya yin ƙaramin aikin da bai kai dala 1,000 ba, kuɗin aiki da na kaya a haɗe, muddin aikin ba ya buƙatar izinin gini kuma bai ɗauki kowa aiki ba. Yanka babban aiki gunduwa-gunduwa don kowane yanki ya faɗo ƙasa da wannan adadi bai halatta shi ba.

Alama ɗaya da ba a wasa da ita: in ɗan kwangila ya ce ka je da kanka ka ciro izinin gini a matsayin mai gida mai yi wa kansa gini, wai don a rage kuɗi, kada ka yarda. Sa hannu a wannan takarda ya mayar da kai shugaban aikin a idon hukuma, alhakin ingancin gini da na ma'aikata ya dawo kanka. Galibi marasa lasisi ne ke neman haka.

Abin da takardar kwangila za ta ƙunsa

Sashe na 7159 na kundin dokokin kasuwanci da sana'o'i na jihar ya ce duk aikin gyaran gida da ya haura dala 500 sai an rubuta, kuma sai an ba ka kwafi mai sa hannun ku biyu kafin a buga ƙusa ko ɗaya. Za ka ga suna da adireshi da lambar lasisin ɗan kwangila, jimillar farashi da dala da santi, bayanin aikin da manyan kayan da za a sa, ranar da ake sa ran farawa da ta gamawa, jadawalin biya, bayanin inshora, gargaɗi a kan jinginar tilas, da bayanin damarka ta fasawa.

Wurin da ake yawan cutuwa shi ne bayanin aiki. "Gyaran banɗaki" ba bayani ba ne. A rubuta irin tayil da girmansa da faɗin wurin da za a shimfiɗa, sunan kamfani da lambar samfurin kan famfo, fenti hawa nawa, wa zai ciro izinin gini, wa zai kwashe ɓaraguzai. Abin da ba a rubuta ba, ranar rigima babu shi. Haka ma canji a tsakiyar aiki: in an fasa bango aka tarar bututu ya ruɓe, sai an rubuta takardar canjin aiki mai nuna abin da aka ƙara, kuɗinsa, da yadda zai taɓa jadawalin biya, ku biyu ku sa hannu kafin a taɓa sabon aikin.

In a gidanka aka ƙulla cinikin, kana da kwana 3 na aiki ka fasa ba tare da ka ba da dalili ba, ana ƙirgawa daga ranar da ka karɓi kwafin mai sa hannu. Mai shekara 65 zuwa sama yana da kwana 5, gyaran ɓarnar bala'in da aka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa kuwa kwana 7 ne. Ka ƙirga Asabar cikin ranakun aiki. A rubuce ake fasawa, ta imel ko wasiƙa ko kai takarda hannu da hannu kafin tsakar daren ranar ƙarshe, kuma ɗan kwangila zai dawo maka da kuɗinka cikin kwana 10.

Kafin alƙalami da jadawalin biya

Da yawanmu mun saba da cewa a danƙa wa magini rabin kuɗi tun farko ya je ya sayo siminti da rodi. A Kalifoniya karɓar irin wannan laifi ne ga ɗan kwangila. Kafin alƙalami ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na farashi ko dala 1,000 ba, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki. Aikin dala 6,000 kafin alƙalaminsa dala 600 ne. Aikin dala 40,000 ko na dala 200,000, duka dala 1,000 ne. Bayan wannan, haramun ne ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba ko na kayan da bai kawo ba. Togaciyar da ke akwai ta shafi 'yan kamfanonin da suka ajiye wani lamuni na musamman na aiki da biya a wajen CSLB, kuma wannan ma za ka iya tabbatarwa a hukumar.

Hikimar ita ce kullum aiki ya kasance gaba, kuɗi a baya. Ga misalin yadda za a tsara aikin kicin na dala 40,000: dala 1,000 a sa hannu, 4,000 bayan an rushe tsohon kicin an kwashe ɓaraguzai, 9,000 bayan an ja wayoyi da bututu kuma sifeton hukuma ya duba ya amince, 11,000 ranar da kabad-kabad suka iso gidan, 9,000 bayan tayil da saman kanta, 6,000 bayan dubawar ƙarshe da gyaran 'yan kurakurai. Kowane biya an ɗaure shi da abin da ido zai gani. Kada ka yarda da jadawalin da aka ɗaure da ranakun wata, irin "kowace Juma'a dala 5,000", don Juma'a za ta zo ko an yi aiki ko ba a yi ba. Kuma kada ka biya da tsabar kuɗi.

Su wa ke ƙarƙashinsa

Nan ne gizo ke saƙar. Ɗan kwangila mai lasisin B da wuya ya yi dukan aikin da hannunsa. Zai kira mai lantarki, mai famfo, mai tayil, kowanne da kamfaninsa, ya kuma ɗauko katako da allunan bango bashi a wajen dillali. Doka ta ce ya biya waɗannan ƙananan 'yan kwangila cikin kwana 7 da karɓar kuɗin aikinsu daga hannunka, sai in sun rubuta wani abu daban a tsakaninsu. Abin da ke faruwa kuwa shi ne, wanda kuɗi ya yanke masa yakan ɗauki kuɗin gidanka ya toshe ramin wani gidan da ya bari, yana jiran kafin alƙalamin gida na gaba ya biya mutanenka. Ranar da igiyar ta tsinke, gidanka ne abin da masu bin bashi za su iya kamawa.

Tun 1 ga Janairun 2026, wani gyara da aka yi wa dokar, SB 517, ya tilasta takardar kwangila ta faɗa a fili ko za a yi amfani da ƙananan 'yan kwangila ko a'a. In amsar e ce, kana da damar neman jerinsu: suna, hanyar tuntuɓa, lambar lasisi da ajinsa. Lura da kyau, sai ka nema ake ba ka. Saboda haka ka nema a rubuce tun kafin ka sa hannu, ka ce a haɗa jerin da kwangilar, a kuma ƙara layi mai cewa ba za a sauya ko a ƙara wani ba sai an sanar da kai a rubuce. Ka ce a sa dillalan kaya a ciki, domin su ma suna da haƙƙin jingina kuma su ne aka fi mantawa da su. Kowane suna da ke jerin, ka duba lasisinsa yadda ka duba na babban. Yanka aiki ga wani bai sauke wa babban ɗan kwangila nauyi ba. Shi ne zai amsa maka a kan aikin duka.

Hanya ta biyu ta saninsu ita ce sanarwar farko. Ƙaramin ɗan kwangila ko dillalin da ke son riƙe haƙƙinsa na jingina dole ya aiko maka da wannan takarda cikin kwana 20 da fara aiki ko kawo kaya. In ya makara, haƙƙinsa zai tsaya ne kan abin da ya yi daga kwana 20 kafin ya aiko zuwa gaba. Masu gida da yawa kan firgita in sun gan ta, wasu kuma su jefa ta kwandon shara. Ba ƙara ba ce, ba ta kuma nufin an ƙi biyan kowa. Mai ita yana gaya maka ne cewa yana cikin aikin. Ka adana kowacce, ka rubuta ranar da ta iso, ka gwada ta da jerin da aka ba ka. Sunan da ya zo a sanarwa amma babu shi a jeri, ka kira ɗan kwangila a ranar ka ji dalili.

Sanarwar tana da giɓi biyu. Leburori masu aikin albashi ba a buƙatar su aiko ta, shi ma babban ɗan kwangila ba a buƙatar ya aiko maka. Na biyu kuma shi ne waɗannan kwana 20: aikin rufi na iya ƙarewa cikin mako guda, ka biya duka, sannan sanarwar dillalin kayan rufi ta iso. Shi ya sa jerin farko yake da muhimmanci, kuma shi ya sa a gajeren aiki ya kamata ka tambayi takardar dillali tun ranar da mota ta sauke kaya.

Takardar sallama da cek mai suna biyu

Sanin sunaye ba ya biyan kowa. Abin da ke kare ka shi ne takardar sallama, wadda mai aiki zai sa wa hannu ya saki haƙƙinsa na jingina a kan kuɗin da aka biya shi. Dokar farar hula ta jihar, sashe na 8132 zuwa 8138, ta tsara iri huɗu, kuma wadda ba ta bi tsarin lafazin doka ba tana iya zama banza: mai sharaɗi da marar sharaɗi na biyan tsakiyar aiki, sai mai sharaɗi da marar sharaɗi na biyan ƙarshe. Mai sharaɗi ba ta aiki sai kuɗin ya shiga hannun mai ita da gaske. Marar sharaɗi kuwa shaida ce cewa ya riga ya karɓa.

Ga yadda ake jera su. Kafin ka ba da biya na uku, ka karɓi mai sharaɗi ta wannan biyan daga duk wanda ya yi aiki a wannan zangon, tare da marar sharaɗi ta biya na biyu daga waɗanda suka yi aiki a wancan. Haka har ƙarshe. In mai lantarki bai ba da marar sharaɗi ta zangon baya ba, ka san kuɗinsa bai kai gare shi ba, kuma ka gano hakan tun sauran kuɗin suna aljihunka. Doka ta ba ka damar riƙe biya na gaba har sai an kawo maka sallamar abin da ka riga ka biya. Ka duba ranar da ke kan takardar, domin iyakar sallamar ke nan, ka kuma karanta wurin togaciya a ƙasa, inda ake lissafa kuɗin da ba a saki ba.

In zuciyarka ba ta kwanta ba, yi amfani da cek mai suna biyu: ka rubuta sunan babban ɗan kwangila da na ƙaramin, da kalmar "da" ta Turanci a tsakani, ba "ko" ba, ta yadda banki ba zai biya ba sai su biyun sun sa hannu. Ka sa wannan dama cikin kwangila tun farko, tun ran gini tun ran zane, don kada ya zama abin ɓacin rai daga baya.

Kwanakin da ake ƙirgawa bayan an gama

In ba ka yi komai ba, kowa yana da kwana 90 daga kammala aiki ya rubuta jingina. Kana iya gajarta wannan ta hanyar yin rajistar sanarwar kammala aiki a ofishin gunduma cikin kwana 15 da gamawa. Da ita, babban ɗan kwangila yana da kwana 60, sauran kuwa kwana 30 kacal. Ka aika wa duk wanda ya taɓa aiko maka da sanarwar farko kwafinta. Kada ka yi gaggawar rubuta ta alhali da sauran aiki na gaske, don za a iya ƙalubalantar ingancinta.

In jingina ta riga ta hau, duba abu uku: ya aiko sanarwar farko? Ya rubuta cikin wa'adi? Ya kai ƙara kotu cikin kwana 90 da rubutawa? In bai kai ƙarar ba, jinginar ta mutu a doka, amma tana nan a rajista har sai an cire ta. Za ka rubuta masa ka nemi ya janye, ka ba shi kwana 10, in ya ƙi ka roƙi kotu ta goge ta, kuma wanda ya yi nasara yana da haƙƙin kuɗin lauya. Wanda ke tsakiyar sayar da gida ba zai iya jira ba, yana iya sayen lamuni na kashi 125 cikin 100 na kuɗin da ake bi, rigimar ta tashi daga kan gida ta koma kan lamunin. Daga wannan mataki lauyan gine-gine ake nema.

In aiki ya lalace ko an gudu an bar shi

Ka ɗauki hotuna, ka tattara kwangila da cek da saƙonni, ka rubuta wa ɗan kwangila abin da kake nema da wa'adi. CSLB na karɓar ƙorafi har shekara 4 daga aukuwar laifi, shekara 10 ga ɓoyayyen aibi a ƙashin gini. Tana da tsarin sasanci na dole ga ɗan kwangila in rigimar ba ta wuce dala 25,000 ba, da na ganin dama har dala 50,000, amma hukumar horo ce, ba ta yi alkawarin dawo maka da kuɗi ba. Kotun ƙananan ƙararraki na sauraron har dala 12,500 ga mutum ɗaya, babu lauya a zaman. Ɗan kwangilar da kotu ta yanke wa biya a kan aikin gini ya ƙi, ana iya dakatar da lasisinsa.

In ka gano marar lasisi ne ya yi maka aikin da ke buƙatar lasisi, sashe na 7031 na kundin dokokin kasuwanci da sana'o'i ya hana shi kai ka ƙara don neman kuɗi, ya kuma ba ka damar neman duk abin da ka biya shi, ko da aikin ya yi kyau. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta yanke a 2020 cewa wa'adin wannan ƙara shekara ɗaya ne.

Duk waɗannan na Kalifoniya ne, kowace jiha da tata. A Pennsylvania, tun Yulin 2009 kwangila dole ta ƙunshi suna da adireshi da lambar wayar ƙananan 'yan kwangilar da aka sani ranar sa hannu, ba sai ka nema ba. A New York, kuɗin da ka biya kafin a gama aiki dole ɗan kwangila ya ajiye shi a asusun amana ko ya kawo lamuni a madadinsa, kuma jinginar ƙaramin ɗan kwangila ba ta wuce abin da babban ke bin mai gida. A can, wanda ya riga ya biya duka kafin a rubuta jingina yana da kariyar da mai gida a Kalifoniya ba shi da ita.